Wa Ke Riƙe Da Igiyar? Kan Labaran Matafiyan Da Ake Kaiwa Ƙarƙashin Ƙasa

A shekarar 1901 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da wani ƙagaggen labari na kimiyya mai suna The First Men in the Moon. Mutum biyu ne suka tafi duniyar wata: Cavor, masanin da ya haɗa wani sinadari mai kange ƙarfin da ke janyo abubuwa ƙasa, da Bedford, ɗan kasuwar da bashi ya yi wa katutu. Yunwa ta ci su, suka ci wani tsiro mai kama da laimar kwaɗi, ya bugar da su. Suna farkawa suka ga kansu cikin duhu, hannu da ƙafa a ɗaure. Mazauna watan, wasu halittu masu siffar tururuwa amma suna tafiya a miƙe, sun cafke su, sun tasa ƙeyarsu zuwa can cikin watan, rami na bin rami. Sarƙar da aka ɗaure su da ita ta zinariya ce. Bedford na gane haka ya fara lissafin yadda zai dawo da babban jirgi da bindigogi.

Irin wannan labari ya hayayyafa. A 1914 Ba'amurke Edgar Rice Burroughs ya rubuta nasa, inda wani magajin kamfanin ma'adinai da wani tsoho mai ƙere-ƙere suka shiga injin haƙa, ya ƙwace musu, ya nausa da su tsakiyar duniya, aka kama su aka mai da su bayi. Har yau masu shirya finafinai ba su gaji da shi ba. Akwai kuma masu ganin duk shiririta ce, ɓata lokaci da ɓata ƙwaƙwalwar yara, tunda kimiyya ta riga ta nuna babu wata duniya a ƙarƙashin ƙafafunmu. A kan kimiyyar sun yi gaskiya. A kan hukuncin da suka yanke wa labaran ne ban bi su ba.

Bari a ba su haƙƙinsu tukuna. Ra'ayin cewa duniya holoƙo ce ba daga mahaukata ya fito ba. Edmond Halley, wanda aka sa wa shahararriyar tauraruwa mai wutsiya sunansa, shi ya kawo shi a 1692 don ya bayyana dalilin da ya sa allurar kamfas ke karkacewa. A 1818 wani tsohon hafsan sojan Amurka, John Cleves Symmes, ya raba takarda yana cewa akwai ƙofofi a ƙuryar arewa da ta kudu, yana neman jarumai 100 su raka shi. Amma tun 1798 Henry Cavendish ya auna ya gano nauyin duniya ya ninka na ruwa mai girmanta fiye da sau biyar, alhali duwatsun da muke takawa ba su kai ninki uku ba. Ke nan cikinta ya fi bayanta nauyi. Girgizar ƙasa ce ta ƙarasa zancen: daga yadda motsinta ke ratsa duniya Richard Oldham ya gano ƙwayar tsakiya a 1906, Inge Lehmann 'yar Denmark kuma ta gano a 1936 cewa a cikin wannan ƙwaya akwai wata. Ƙarfe ne a can, zafinsa ya haura digiri 5,000.

Mu kuwa har yanzu muna bakin ƙofa. Daga inda kake tsaye zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa shi ne na Kola, a arewacin Rasha. Tarayyar Sobiyet ta fara shi a 1970, a 1989 ya kai mita 12,262, bai cika kashi ɗaya cikin 500 na tafiyar ba, kuma faɗinsa ko jikin mutum ba zai shiga ba. Sun yi tsammanin zafin digiri 100 a ƙasan, suka tarar da 180, dole aka haƙura.

To, in haka ne me ya rage a cikin labaran? Abin da ya rage shi ne kamun. Marubutan sun ɓata lissafin duwatsu, amma sun san abin da rami ke yi wa mutum, sun kuma san wa aka saba turawa ciki.

Abu na farko da rami ke ƙwacewa shi ne lokaci. A 1962 wani matashin Bafaranshe, Michel Siffre, ya shiga kogon Scarasson a tsaunukan Alps shi kaɗai, ba agogo, ba hasken rana. Ya shiga ranar 16 ga Yuli. Da abokansa suka sanar da shi cewa 14 ga Satumba ta yi, a lissafinsa 20 ga Agusta ake. Kusan wata guda ya zube masa bai sani ba, kuma shi da ƙafarsa ya shiga, ba wanda ya ɗaure shi. Mai karanta Suratul Kahfi ranar Juma'a ba zai yi mamaki ba: samarin kogo da suka farka suka tambayi juna tsawon zamansu, amsar da ta zo bakinsu ita ce yini ɗaya ko wani sashe na yini. Wanda aka tsare a daji, Allah ya kare mu, yana ganin fitowar rana, ya san gabas, yana iya ƙirga kwanaki. Wanda aka kai ƙarƙashin ƙasa sai abin da mai tsaronsa ya ce masa.

Na biyu ya fi muni. Ku tuna mai haƙar rijiya a ƙauye. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka da 'yar gajeriyar dagi da ƙwarya, yana cika guga da jar ƙasa ana ja. In ya ɗaga kai, sama ta koma kamar faifai. Muryarsa na fitowa a shaƙe, yana cewa a sassauta, a ja, a dakata. Duk ƙarfinsa da gwanintarsa, ransa na hannun mutum biyu ko uku da ke tsaye a baki. Ba sai an gina masa kurkuku ba, ba sai an sa masa mari ba. In na sama suka naɗe igiya suka tafi, magana ta ƙare. Kowane labarin kamu a ƙarƙashin ƙasa a kan wannan igiya yake tsaye, ko da marubucin ya kira ta matattakala, ko na'urar hawa, ko ƙofar sirri.

Wells ya san wannan tun yana yaro. Mahaifiyarsa shugabar masu aiki ce a wani gidan masu hannu da shuni mai suna Uppark, inda barori ke kai da komo ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa don kada su ɓata wa iyayen gida gani. Shi ya sa a littafinsa na 1895, The Time Machine, ya hasko zamanin da 'yan Adam suka rabu gida biyu: jikokin attajirai a sama suna wasa cikin furanni, jikokin ma'aikata a ƙasa cikin duhu suna juya injuna, da dare kuma su fito su cinye na saman. A labarin watan ma, Cavor ya ga ana cusa 'ya'yan halittun cikin tuluna tun suna ƙanana, a bar hannu kawai a waje, don jikinsu ya tashi daidai da aikin da aka zaɓa musu. Ma'aikacin da babu aikinsa a yanzu sai a ba shi abin barci a ajiye shi har a buƙace shi. Wanda ya rubuta wannan ba ilimin duwatsu yake koyarwa ba. Masana'antun Ingila yake kallo.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan labaran, kuma ya fi na masu cewa ƙarya ce nauyi. Kusan kullum ta idon matafiyi ake ba da su. Shi ne mutum, mazauna ƙasan kuwa ƙwari ne, ko birai, ko ƙadangaru. Bedford ya kai wa ɗaya naushi ya fashe kamar ƙwai, ya bi sauran da sandar zinariya yana karkashewa, mai karatu kuma ana so ya ji daɗi jarumi ya kuɓuta. Ba a cika tsayawa a tambaya wa ya gayyace su ba. Nan Wells ya ɗara takwarorinsa, don bai ɓoye kwaɗayin Bedford ba, kuma ya bar Cavor a hannun halittun yana aiko da saƙo ta iska. Sarkin watan ya tambaye shi labarin mutanen duniya, shi kuma da wautar malami ya zayyana masa yadda muke yaƙi. Daga nan aka katse saƙonsa. Ni dai ban ga laifin sarkin ba. Littafin ya fito shekara guda bayan Lugard ya kafa tutar Ingila a Lokoja, shekara biyu kafin faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903. Kafin maharan, matafiya ne suka fara zuwa: Clapperton ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, Barth ya shiga Kano a 1851. An karɓe su, an ba su masauki, sun koma gida da taswira da bayanin kasuwanni. Bahaushen da ke karanta irin waɗannan labarai ya kamata ya san a wane gefen sarƙar tarihi ya ajiye kakanninsa.

Sannan a zahiri, wa ake kaiwa ƙasan? Ba farfesoshi ba ne. Tun shekarun 1880 kamfanonin lu'ulu'u a Kimberley ta Afirka ta Kudu suka fara kulle ma'aikata baƙaƙe a cikin shinge har kwantiraginsu ya ƙare, daga rami sai ɗaki, daga ɗaki sai rami, ranar sallama kuma a caje su tsirara. Yau mahaƙar zinariya ta Mponeng, yamma da Johannesburg, ta doshi kilomita huɗu a ƙasa. Dutsen can yana kai digiri 60, sai an riƙa tura ƙanƙara kafin mutum ya iya aiki. A cikinta ne, wajen kilomita 2.8, masana suka sami wata ƙwayar halitta da ke rayuwa ba rana ba iskar shaƙa, suka ciro sunanta daga wata jimla a littafin Jules Verne na 1864 kan tafiya tsakiyar duniya. Ashe akwai rai a can ƙasa, sai dai ba mai fukafukai da mashi ba.

Abubuwa biyu da suka faru a zamaninmu sun isa a gane cewa zurfi ba shi ke kashewa shi kaɗai ba. Ranar 5 ga Agustan 2010 mahaƙar San José a Chile ta rufta da mutum 33, kimanin mita 700 a ƙasa. Kwana 17 ba a ji ɗuriyarsu ba, suna raba cokali biyu na kifin gwangwani duk bayan kwana biyu. Na sama ba su saki igiya ba. Gwamnati ta zuba kuɗi, aka kawo injuna daga ƙasashe daban-daban, har hukumar sararin samaniya ta Amurka ta ba da shawara. Bayan kwana 69 aka zaro su ɗaya bayan ɗaya a cikin wani ƙarfe mai kama da harsashi, duniya na kallo a talabijin. Ba wanda ya mutu.

Sai Stilfontein, a Afirka ta Kudu, ƙarshen 2024. Ɗaruruwan masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda ake kira zama-zama, suna cikin wata tsohuwar mahaƙa mai zurfin kusan kilomita biyu. Yawancinsu matafiya ne na gaske, 'yan ci-rani daga Mozambik da Lesotho da Zimbabwe. 'Yan sanda suka tsare bakin ramin, suka hana saukar da abinci da ruwa don yunwa ta koro su. Wata minista ta fito ta ce gwamnati ba za ta kai wa masu laifi agaji ba, hayaƙi za a yi musu su fito. Hukuma ta ce suna iya fitowa, tsoron kamu ne ya hana su. 'Yan uwansu da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ce an cire igiyoyin da ake jawo su da su, kuma wanda ya yi makonni bai ci ba ba zai iya hawa kilomita biyu ba. Wasu da suka tsira sun ba da labarin cewa da alkawarin aiki aka yaudare su, a ƙasan kuma akwai iyayen daba masu bindiga da ke riƙe da abincin. Gaba kura, baya sayaki.

Ba na wanke haƙar sata. Tana tafe da kisa da fyaɗe da lalata ƙasa, mutanen yankin sun sha wuyarta, mu ma a Zamfara mun ga abin da haƙar zinariya ta barkatai ta jawo a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Amma hukuncin shiga rami ba da izini ba ba kisa da yunwa ba ne, kuma alƙali ke yanke hukunci, ba mai gadin bakin rami ba. Sai da kotu ta ba da umarni kafin a sauke keji a watan Janairun 2025. Cikin kwana uku aka fito da mutum 246 da rai, da gawa 78. Aikin da aka shafe watanni ana ja-in-ja a kansa, kwana uku ya ci. Duk wanda ya fito da numfashi 'yan sanda ne suka karɓe shi, wasu ko tsayuwa ba sa iya yi. Mutumin da ake zargin shi ne uban dabar ƙasan ma ya fito tare da su, amma bai kai ofishin 'yan sanda ba. Ya sulale a hanya, daga baya aka kama wasu jami'ai bisa zargin su suka buɗe masa ƙofa.