Gidan sauro a kasuwar Injamena

Ɗana ne ya jawo mini. Tun da ya sa mini intanet a waya nake kallon wani Bafaranshe, Marcel Marceau, gwanin wasan bebe da ya mutu a 2007. Fuska fari fat, riga mai ratsi, hula da jan fure, shigar da ya ƙirƙiro tun 1947 ya raɗa mata suna Bip. Ba ya cewa uffan, amma in ya dafa bangon da babu shi, sai ka ji kamar ka je ka buɗe masa ƙofa.

A garin Garwa na Kamaru, Hausa da Fillanci sun ishe ni neman abinci. Da na tsallaka gada daga Kusiri zuwa Injamena sai na tarar Larabci ke ci, Faransancina kuwa daga gaisuwa ya ƙare. Ga sauron bakin kogi ya kwana yana walima a kaina.

Da safe na tsaya gaban wani mai shago a babbar kasuwa, ko sallama ban yi ba. Na dafa bango huɗu a iska, na shafa rufi, na sunkuya na shige, na kwantar da kai a tafin hannu, sannan na sharara wa kuncina mari. Ya miƙo tabarma. Na girgiza kai, na sake daga farko, wannan karon har da soshe-soshe. Jama'a suka taru, masu babur suka kashe inji. Wata tsohuwa ta danƙa mini sefa ɗari tana matsar ƙwalla.

Sai mai shago ya juya wajen yaronsa, da Hausa tsantsa: "Kai, ɗauko wa bawan Allah nan gidan sauro, bebe ne. Jaka biyar muke sayarwa, karɓi biyu, sauran sadaka."

Na buɗe baki, na tuna jaka uku ba wasa ba ce, na mayar na rufe. Har da ɗaga hannu sama ina godiya.

Ana cikin ƙulle mini leda waya ta yi ƙara. Uwargida ce, ita kuwa ba a barin ta ta kira sau biyu.

"Salamu alaikum, Hajiya, ina kasuwa."

Mai shago ya dube ni sama da ƙasa. "Alhaji, barka da samun lafiya. Tunda baki ya buɗe, aljihu ma ya buɗe, ciko uku."

Ina ƙirga masa kuɗin sai na ji an ja mini riga ta baya. Tsohuwar nan ce, ta dawo karɓar ɗarinta.