Kafin ka kai logbuk a buga maka hatimi

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana ɗaliban Kadpoly, KASU, ABU da Nuhu Bamalli.

Ranar Asabar da ta wuce mun je ɗaurin aure a Unguwar Sanusi, nan Kaduna. Bayan an shafa fatiha muka koma gindin wata darbejiya, mu shida, kowa da ɗa ko 'ya a babbar makaranta. Hira ta faro daga kuɗin rajista, ta gangaro kan IT, wato watannin da makaranta ke tura ɗalibi ya koyi aiki a ma'aikata ko shago. Wani ya ce wata biyu ke nan yana bibiyar wani ɗan'uwansa a Abuja ya samar wa ɗansa gurbi a babbar ma'aikata, "ko ba komai ya saba da manya." Wani ya ce 'yarsa ta samu wuri a Barnawa, amma daga Rigasa kuɗin keke zuwa da dawowa ya fi ƙarfin aljihunsa. Wani kuma ransa a ɓace, wai ɗansa ya kama POS a bakin Kasuwar Barci a hutun nan. "Ɗan jami'a guda! Mutane su ce me?"

Can sai wani aminina ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Injiniya, zan turo maka yaron nan da logbuk ɗinsa, littafin da yake rubuta aikin IT a ciki, ka taimaka ka buga masa hatimi kawai. Ba sai ya riƙa zuwa ba."

Na ce masa ya yi haƙuri, wannan kam ba zan yi ba. Na ga abin ya sosa masa rai, don abotarmu ta fi shekara ashirin. A wurin na faɗa masa dalilina, yanzu kuma ku nake so ku ji, tunda ku ne masu ɗaukar littafin ku kai.

Sana'ata wayarin da haɗa sola, shagona yana Tudun Wada, ba nisa da Panteka, kasuwar maƙera da masu walda. Abin da aminina ya roƙa na taɓa yi sau ɗaya, ga ɗan yayata da ke karatun injiniyan lantarki. Ya zo ranar farko ya gaishe ni, ya ba ni leta daga makaranta, daga nan ban sake sa shi a ido ba sai da ya rage kwana uku a koma. Ya miƙo min logbuk. Na buɗe. Sati ashirin da huɗu, biro ɗaya, rubutu iri ɗaya, takarda fes kamar yau aka sayo ta. Babu ɗigon mai, babu shatin yatsa, ko kusurwar shafi ɗaya ba ta lanƙwashe ba. A sati na tara ya rubuta cewa mun haɗa inbata a wani gida a Malali, aikin da shagona bai taɓa yi ba. Daga littafin abokinsa ya kwafa, a dare ɗaya. Na san haka sarai, amma na tuna idon mahaifiyarsa, na ɗauki biro na sa hannu shafi bayan shafi, na buga hatimi.

Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida. Ni da kaina na haɗa shi da wani mai kamfanin sola da muke mutunci. Mutumin bai tambaye shi kwali ba. Mita ya miƙa masa, ya nuna masa batira guda huɗu a jere, ya ce ya auna masa ƙarfin wutarsu. Yaron ya bar mita a kan ma'aunin amfiya maimakon na bolt, ya ɗora wayoyin a kan batir, nan take fiyus ɗin mitar ya ƙone. Da yamma mutumin ya kira ni. Bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi min: "Injiniya, kai ka ce wata shida ya yi a wajenka?"

Har yau in na tuna tambayar nan sai na ji nauyi a ƙirjina. Ni na cuce shi, da sunan taimako. Yaron yana da kai, ba daƙiƙi ba ne. Da na tsaya masa a lokacin, da ya koyi abin nan a satin farko, a gabana, inda kuskure ba ya jawo komai sai a ce sake.

Shi wannan tsari ba don a wahalar da ku aka kawo shi ba. An kafa ITF, hukumar horar da ma'aikata, a 1971, ita kuma ta ɓullo da SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki, a 1973, saboda masu masana'antu suna kukan cewa ɗalibai suna fitowa da ilimin allo, hannunsu bai san inji ba. Shi ya sa ɗan ND, wato ƙaramar difloma, yake yin wata huɗu bayan shekarar farko, ɗan jami'a a yawancin kwasa-kwasan kimiyya da injiniya yake yin wata shida, sannan ga shekara guda cur tsakanin ND da HND, wato babbar difloma. Ku duba watannin nan da kyau. A duk rayuwarku ta aiki, su kaɗai ne lokacin da za ka tsaya gaban gwani ka ce "ban sani ba", ya ja kujera ya nuna maka, ba tare da ya raina ka ba. Ɗalibi ne kai, rashin sani shi ya kawo ka. Ranar da ka riƙe kwali ka ce kai injiniya ne, ko akanta, ko ma'aikacin ɗakin gwaji, wannan uzurin ya ƙare. Wanda ya sayar da watannin nan da hatimi ya sayar da abin da ba a sake ba shi.

Kada ku ga laifin iyayenku da yawa in suna hangen babban ofis. Mu da muka tashi a garin nan mun ga Kakuri, unguwar masana'antu, da ranta. Masaƙar KTL tun 1957 take aiki, ga masaƙun UNTL da Arewa, ga kamfanin Fijo da ya fara haɗa motoci a 1975, ga matatar mai da aka buɗe a 1980. In aka tashi daga aiki, kekuna da babura sai sun toshe titi. A wancan zamanin in ka gama makaranta akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, a ɗauke ka, a koya maka aiki kana karɓar albashi. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Ƙofofin sun rufe, amma a zuciyar da yawa daga cikinmu har yanzu a buɗe suke. Shi ya sa uba yake ganin in dai ɗansa ya samu kwali kuma ya san wani babba, magana ta ƙare. Masu ɗaukar aiki na yanzu kuwa yawancinsu ƙananan kamfanoni ne da shaguna da asibitoci masu zaman kansu. Ba su da kuɗin da za su biya ka wata shida kana koyo. Za su miƙa maka mita, ko kwamfuta, ko littafin lissafi, su tsaya suna kallon hannunka.

Akwai wata yarinya 'yar Kadpoly da ta yi wata huɗunta a shagona. Mahaifinta da kansa ya kawo ta, ya zauna a benci, ya tambaye ni ƙarfe nawa ake tashi, ina mata suke salla, su wa za ta riƙa fita aiki da su. Ya karɓi lambata, kuma lokaci-lokaci yakan leƙo ba tare da ya sanar ba. Na ji daɗin haka ƙwarai. Ita kuma ban da logbuk tana da wani ɗan ƙaramin littafi a aljihun jakarta. A satin farko ta tambaye ni me ya sa muke ja wa fitilu waya mai kauri 1.5, soket kuma mai 2.5. Na yi mata bayanin nauyin wuta da zafin waya, ta rubuta. Washegari ta dawo da tambayar na'urar sanyaya ɗaki, me ya sa ita ake ja mata layinta daban. Haka kullum. Yaran shago suna yi mata dariya wai ta cika tambaya. A wata na uku muka je wani gida da fitilu ke ta ƙyaftawa, yarana biyu suna ta zargin inbata. Ita ta ce a buɗe akwatin rarraba wuta a duba wayar nutural. Aka buɗe, ga ta nan ta saki, bakinta har ya yi baƙi. Logbuk ɗinta da ta kawo in sa hannu duk shatin yatsa ne, wani shafin ma ruwa ya taɓa shi. Ban taɓa sa hannu da farin ciki irin na ranar ba.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma da gaskiyarku. Akwai wuraren da ɗan IT ba shi da aiki sai sayo abinci da kai takarda wajen fotokwafi. Akwai inda za a ce maka "ka dawo ƙarshen wata a sa maka hannu", su da kansu. Alawus ɗin da ake ce za a biya ba ya isa kuɗin mota, kuma yakan makara. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, zuwa aiki kullum daga Rigasa ko Mando zuwa ƙetaren gada ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da ake auna hatsi da kwano. Duk na yarda. Amma maganin wannan a nemi wuri kusa da gida, ko da ƙarami ne. Ɗakin gwajin jini na unguwarku da za a bar ka ka riƙe abin aiki ya fi maka babban asibitin da za ka wuni a baranda. Garejin da za ka kwance inji ya fi maka ma'aikatar da sunanta kawai za ka ɗauko. In kuma ka riga ka faɗa inda ba a koyar da kai, ka lura, kowane wuri akwai mutum ɗaya da aikin yake hannunsa, sau da yawa ba shi ne mai babban tebur ba. Ka gaishe shi da safe, ka ɗaukar masa kaya, ka tsaya a bayansa. In sati biyu ya wuce babu abin da ya canza, ka koma ofishin SIWES na makarantarku ka nemi a sauya maka wuri. Ana yi.

Ku kuma daina raina Panteka. Mutanen da ke ƙera injin niƙa da ƙofofi da tankuna a can, da yawansu ba su taka aji a babbar makaranta ba, amma Kadpoly da kanta ta haɗa gwiwa da su domin a tantance ƙwarewarsu a ba su takardar shaida. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha a ƙasar nan gaba ɗaya, hedikwatarta a nan Kaduna take. In malamanku ba su ji kunyar zuwa wajen maƙera ba, kai ɗan aji biyu me zai hana ka?

'Yan mata, ku ji wannan daban. In wani oga ya fara kiranki ofis shi kaɗai, ko yana ce miki sa hannunsa sai kin zo bayan an tashi, kada ki yi shiru don tsoron maki. Ki faɗa a gida a ranar, ki faɗa wa malamin da ke duba ku. Babu logbuk ɗin da ya kai mutuncinki.

Maganar yaron POS kuwa, na ce wa mahaifinsa ya gode wa Allah. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kiwon tumaki ana biyansa, kuma ya koyar da mu cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙon mutane. Yaron da ya wuni yana ƙirga kuɗin jama'a, ya rufe lissafi da dare babu naira ɗaya da ta ɓata, yana koyon amana da haƙuri da mutane, kuma su ake fara nema a kowane aiki. Mun gani a yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, na 2022, wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wasu sun koma makaranta da ɗinki ko gyaran waya a hannunsu, har suna biya wa kansu kuɗin hanɗawut. Wasu sun koma yadda suka fito. Alawus ɗin bautar ƙasa naira 77,000 ne yanzu, amma wata goma sha biyu ne ya tsaya. Tun kana aji biyu ya kamata ka zauna da mahaifinka ko mahaifiyarka, ka ce, "Baba, ga abin da nake so in iya kafin in gama, ga wanda nake so in koya a wajensa." Yawancin iyaye suna zaɓa wa 'ya'yansu hanya ne saboda ba su taɓa jin ɗan ya zo da tasa ba.

Ɗan yayata ya dawo shago daga baya, yana da shekara ashirin da bakwai, ya fara daga inda yaran sakandare suke farawa. Yanzu alhamdu lillahi yana fita aiki shi kaɗai. Amma shekara biyu ya biya a kan wata shida.

Shi kuwa ɗan aminina, ranar Litinin sai ga shi ƙarfe takwas da 'yan mintoci, cikin farar shadda, logbuk a hannu. Na karɓi littafin na sa a durowa, na ba shi tsohuwar rigar aiki ya ɗora. Na miƙa masa filaya da guntun waya, na ce ya feƙe bakinta ba tare da ya yanke ko silin tagulla ɗaya ba. Sau bakwai yana ɓatawa. A na takwas ya ɗago ya nuna min, na duba na ce ya yi. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan fito masa da littafin ya rubuta satinsa na farko, in sa hannu.