Yaron da ba ya kallon idon malama

A taron iyaye da malamai na zangon da ya wuce, a wata firamare da ke Birmingham, malamar ajin ɗana ta zaunar da ni a kan 'yar kujerar yara ta ce halinsa yana damun ta: ba ya kallon idonta idan tana magana, ba ya tsoma baki sai an tambaye shi, kuma idan an tashi tara yakan tsaya a bakin fili yana kallon 'yan ajinsu. Ta ce za ta sanar da jami'ar kula da yara masu buƙata ta musamman, wadda doka ta wajabta wa makarantun gwamnati a Ingila su naɗa. Abin ya sosa mini rai, domin biyu daga cikin alamomin nan uku tarbiyya ce da muka sha wahala kafin ta zauna masa.

Ba na musun cewa akwai yaran da hulɗa da tsara take yi wa wuya. Tun a 1982 John Coie da abokan bincikensa a Amurka suka bambanta yaron da tsara suke ƙi da wanda kawai ba a lura da shi ba. Na farkon yawanci mafaɗaci ne mai saurin kai hannu, ko kuma matsoraci mai janye jiki wanda ake tsangwama, kuma shi ne ya fi buƙatar taimako. A can ƙasarmu irinsa sai a ce miskili ne ko dolo, a ƙyale shi, wanda kuskure ne. Amma kunya daban take. Binciken Xinyin Chen a Shanghai ya nuna cewa a 1990 yara masu kunya sun samu karɓuwa a wurin tsaransu, zuwa 2002 kuwa, bayan birnin ya rungumi rayuwar gasa, kunyar ta koma abin da ake guje wa yaro saboda ita.

Abin da malamar ba ta tambaya ba shi ne inda yaron zai koyi wasa. A nan, a watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, kowa ya kulle ƙofarsa, titi babu kowa sai motoci da kwandunan shara masu launi daban-daban. Yaro ba ya zuwa gidan abokinsa sai iyaye sun yi musayar saƙonni, sun tsayar da rana da sa'a, an tambayi ko akwai abincin da jikinsa ba ya so. Wa ya taɓa tsayar mana da ranar langa ko ta tashe? Yayye da 'ya'yan maƙwabta da 'yan makarantar allo su suka riƙa jan mai nauyin baki cikin wasa, ko yana so ko ba ya so.

Makarantar ta ajiye wani benci mai fenti, wai yaron da ya rasa abokin wasa ya zauna a kai har wani ya tausaya masa. Mu iyayen ma da muke tsayawa a bakin ƙofa kullum da rana, kafaɗa da kafaɗa, kowa wayarsa yake dannawa, kuma har yau ban san sunan mahaifin yaro ko ɗaya a ajin ba.