Bizar Kumandan

Shekara 20 da ɗoriya ina bin garken shanu da allura tsakanin Mirya da Tanut, sa ya taɓa ɗaga ni sama, raƙumi ya taɓa yi mini tofi a ido, amma ba dabbar da ta kunyata ni a gaban hukuma sai muzuru.

Ɗiyar yayata ce ta yi aure aka tafi da ita Liyon, ƙasar Faransa. Ta bar wa uwarta a Birni wani muzuru mai baƙi da fari, kunnen hagu a tsage, wanda yara ke kira Kumandan don in ya hau katanga ba kyanwar da ke motsi a unguwar. Wani dare bayan isha'i ta kira ni ta WhatsApp.

"Kawu, kai ne ka san harkar dabbobi. Ina son a kawo mini Kumandan."

Na ce, "Ɗiyata, wannan ai kwali ne da igiya."

Ta ce abu na farko sai an sa masa "puce". A ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal, puce ƙuma ce. Na ce in dai wannan ce, ya tara wadda za ta ishi mutanen Liyon kaf. Washegari ta turo kuɗi, na karɓa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ashe ƙumar tasu wata 'yar na'ura ce kamar ƙwayar shinkafa, da ake cusawa ƙarƙashin fata da allura mai kauri, a gefen hagu na wuya ko tsakanin kafaɗu. Ba ta da batir. Lamba 15 ce a cikinta, sai an kara mata na'urar karantawa lambar ke fitowa, kuma dole ta zama mai tsarin da duniya ta amince da shi, wato ISO 11784 da 11785, in ba haka ba na'urar da ke filin jirginsu ba lallai ta gane ta ba. Na yi waya Yamai a aiko mini da ita. Da na ga an yi kwana 10 ba ta iso ba, sai wayo ya taso mini: me zai hana a yi masa allurar haukan kare, wadda ita ma sharaɗin tafiyar ce, tun yanzu, kwanakin jira su fara tafiya?

Kumandan ba kyanwar Lami ba ne, yana cizo yana yaƙushi. Yadda ake kama irinsa, a ƙaramin ɗaki ake yi, wanda ba gado ba kabad, a rufe ƙofa da taga tukuna, a jefa masa bargo mai kauri, a naɗe ƙafafu huɗun a bar kai kawai a waje. Ni da hannu na je masa, kamar zan kayar da maraƙi. Ya zana mini layi huɗu daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Ka'idar cizo ko yaƙushin dabbar da ba a yi wa rigakafi ba ita ce a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, sannan a je asibiti. Minti 15 na ruwa mai gudana, a Damagaram, cikin watan Afrilu! Uwargida na tsaye a kaina tana kallon jarkar da ta saya wajen ɗan garuwa tana tafiya cikin kwata. A minti na shida ta ce, "Malam, haukan ne bai kama ka ba tukuna ko ya riga ya kama?"

An yi wa Kumandan allura, likita ya liƙa takardar kwalbar a karne, wato littafin alluransa, ya buga hatimi. Bayan mako biyu ƙumar ta iso, na kai masa ina taƙama cewa ai mun ci kwana 14. Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Malam, ba ka ce mini Turai za shi ba. Wannan allurar ta tashi a banza."

Dokar Tarayyar Turai ta ce ranar allura ba za ta riga ranar sa ƙuma ba. Dalilin kuwa, ko da ya ɓata mini rai, ba shi da makusa: in ba lamba a jikin dabba ranar da aka yi allurar, wa zai shaida cewa wannan muzurun aka yi wa ba na maƙwabta ba? Sai a sa ƙuma, a karanta ta, sannan allura, ko da a zama ɗaya ne. Muka sake. Na biya sau biyu, wannan karon da bargo.

Daga nan lissafin kwanaki ya fara, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Allurar farko ba ta zama karɓaɓɓiya sai bayan kwana 21. Wannan ya wadatar ga ƙasashen da Turai ta sa cikin jerin waɗanda suka shawo kan cutar. Nijar ba ta ciki. Mu sai an jira aƙalla kwana 30 bayan allura, a ɗebi jini, a aika ɗakin gwajin da Tarayyar Turai ta amince da shi, a ga ko garkuwar jiki ta kai 0.5 IU, wato ma'aunin ƙarfinta, a kowace mililita. Bayan haka a ƙirga wata 3 cur, daga ranar da aka ɗebi jinin, ba daga ranar da sakamako ya fito ba. Wata ukun nan ba mugunta ba ce. Haukan kare yakan kwanta a jiki wata 2 zuwa 3 kafin ya nuna, kuma in ya riga allura shiga, allurar ba za ta kore shi ba. Don haka ɗan kyanwa daga nan ba zai taka Faransa ba sai ya kai wata 7: mako 12 kafin a yi masa allura, kwana 30, sai wata 3.

Jinin ma na ɓata shi. Ana ɗibar mililita 2 zuwa 3 daga jijiyar wuya ko ta ƙafar gaba, a zuba a kwalba mai jan murfi, wadda ba maganin hana daskarewa a ciki. A bar shi ya daskare kamar rabin awa, a juya shi a na'ura, a tsotse ruwan da ya taso sama mai launin rawaya-rawaya, kamar mililita 1. Wannan ruwan ake aikawa, cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, da lambar ƙuma a rubuce jikin kwalbar. Ranar da muka ɗiba ba wuta, na'ura ba ta juyawa. Na ce a ba ni haka nan, a Yamai sa tace. Da wuta ta dawo da dare na cusa kwalbar can saman firiji, cikin ƙanƙarar da uwargida ke sayarwa, don a ganina in sanyi kaɗan na da kyau, mai yawa ya fi. Jinin da ba a tace ba in ya ƙanƙare, jajayen ƙwayoyinsa fashewa suke yi. Likitan Yamai ya kira ni ya ce abin da ya fito ja wur kamar zoɓo, ba zai ɓata kuɗin aike a kansa ba. Kafin a sake kama Kumandan, wanda yanzu ko bargo ya gani a kan igiyar shanya sai ya haye soro, an yi mako uku. Wata ukun ya koma farko.

Sakamako na biyu ya fito lafiya, ya haura 0.5 nesa ba kusa ba. Na ji daɗi kamar ɗana ne ya ci jarrabawa.

A zaman jiran nan na fahimci abin da ake nufi da killacewa. Faransa ba ta tsare dabbar da takardunta suka cika, ko kwana ɗaya. In ba su cika ba ne ake mayar da ita inda ta fito, ko a tsare ta har sharuɗɗa su cika, ko a kashe ta in ba yadda za a yi, kuma ko wanne aka zaɓa mai dabba ne zai biya. Wasu ƙasashen sun fi haka tsanani. Ingila kafin shekarar 2000 wata 6 take tsare kowane kare da kyanwa, yanzu kuma in aka kuskure sharaɗi tsarewar na iya kai wata 4, kuma kare sai an ba shi maganin tsutsar ciki tsakanin kwana 1 zuwa 5 kafin ya shiga. Ostareliya wuri ɗaya gare ta na killacewa, kusa da Melbon, mafi ƙaranci kwana 10, kuma ba ta karɓar dabba kai tsaye daga ƙasa irin tamu. Amurka tun 1 ga Agustan 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba, wanda kuma ya fito daga ƙasa mai haɗarin cutar ba tare da gwajin jini ba, kwana 28 zai yi a tsare. Na Faransa dai killacewar a gidanka za ka yi ta, kai ne gandiroba, kai ne mai ciyarwa. Ba dokar da ta ce in kulle Kumandan, amma muzurun da na kashe wa kuɗin ragon layya mai ƙaho ba zan bar shi yana yawon katanga ba.

Na kwashe kaya daga ɗakin baƙi na sa shi. Yashi a tasa ana sauyawa kullum, kifin gwangwani, wani lokaci har kilishi. Yaya takan zo daga Birni da romo a kwano ta ce, "Ɗan uwana, kada jikana ya isa Turai a rame a ce ba ma ba shi abinci." Ni kuma ina tuna mata cewa yawancin kamfanonin jirgi kilo 8 suke yarda a shiga da shi cikin fasinjoji, har da nauyin jakar. In ya haura sai ƙasan jirgi, cikin akwati irin wanda IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta tsara: roba mai ƙarfi, ƙofar ƙarfe, sama da ƙasa a ɗaure da kusoshi masu noti, iska na shiga, dabba ta iya miƙewa tsaye ta juya ta kwanta. Kejin da mai walda ya ƙera mini a bakin Kasuwar Dole, ɗiyata na ganin hotonsa ta ce, "Kawu, wannan na zabbi ne." Yana nan, zabbi ne a ciki. Maganin barci kuma kada a kuskura a ba dabba don tafiyar jirgi, yana saukar da bugun jini, a sama kuma ba mai duba ta.

In an lissafa, ƙuma da allura ba su ne masu cin kuɗi ba. Gwaji da aika jini waje cikin sanyi, da akwati, da tikitin muzurun, su ne, don da yuro ake biyan yawancinsu, yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne saura kaɗan. Mafi tsada duka shi ne tikitin ɗiyata. Dabbar gida tare da mai ita take tafiya, ko da wanda ya ba izini a rubuce cikin kwana 5 kafin ko bayan tafiyarsa. In ba haka ba ta zama kayan kasuwanci, da wasu takardun daban. Dole ta zo hutu ta ɗauke shi da kanta.

Saura takarda ɗaya, shaidar lafiya irin ta Tarayyar Turai, mai sa hannun likitan gwamnati. Kwana 10 kawai take rayuwa daga ranar sa hannu zuwa ranar da za a duba ta a can. Tsoron kada ta mutu a hannuna ya sa na bar ta sai ana gobe jirgi. Na yi gudun gara.

Daren da za mu kama hanya, aka buɗe ɗakin baƙi a ɗauko tabarma, Kumandan ya bi ta tsakanin ƙafafu ya haye katanga. Na tara yaran unguwa na ce dala 100 ga wanda ya kawo shi. Kafin sha biyun dare an kawo mini kyanwa huɗu cikin buhuna. Ba wuta. Na haska da fitilar waya, na ga baƙi da fari, na ga kunne a tsage, na ga ƙiba. Na biya, na rufe akwati.

Da asuba muka shiga motar Yamai, kilomita wajen 900. Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutse, Doso, akwati a kan cinyata, ina ɗiga ruwa ta ƙofar. Abin da ya ba ni mamaki, ko yaƙushi ɗaya babu. Na ce wa na kusa da ni, ka ga amfanin tarbiyya.

Ɗiyata na jiranmu a ofishin likita. Ta leƙa akwati ta yi shiru. Likita ya kara na'ura a gefen wuya, ba ta yi ƙara ba. Ya bi kafaɗu, ya bi ƙirji har hammata, don ƙumar takan ɗan zame daga inda aka sa ta. Shiru. Ya gwada na'urar a kan wata ƙuma da ke aljihun teburinsa, ta yi ƙara. Sai ya ɗaga wutsiya, ya shafa ciki, ya juyo.

"Malam, ka ce aikin dabbobi kake yi?"

Na ce shekara 20 da ɗoriya.

"To wannan mace ce. Kuma ciki gare ta."

Ban gama haɗiye wannan ba waya ta yi ƙara. Uwargida ce. Wai Kumandan ya dawo tun hantsi, yana kwance a kan gadona, kuma duk gidan ba mai taɓa shi, bargon ma ta ce ba ta san inda na ajiye ba.

Ɗiyata ta hau jirgi da akwati ba kowa a ciki. Gwajin jinin ba ya mutuwa muddin ana sabunta allura kafin wa'adinta ya ƙare, don haka na rubuta ranar da gawayi a bangon zaure, in ta wuce ko da kwana ɗaya ne sai a koma tun daga allura. Baƙuwar kuma na dawo da ita Damagaram, ba wanda ya zo ya ce tasa ce, ta haihu huɗu a ɗakin baƙi. Na tura wa ɗiyata hotonsu don ta ga irin halin da ta jefa ni. Cikin minti ɗaya ta amso.

"Kawu, ka san doka ta yarda mutum ya shigo da biyar? Huɗu da Kumandan. Ka fara da ƙumar."