Wa zai shaide ka a garin da ba a san gidanku ba?

Masu zuwa hutu su ce muku a Turai doka tana aiki ba ƙarya suke yi ba. Tana aiki. Abin da ba sa ƙarasa muku shi ne, kafin dokar ta motsa sai wani ɗan Adam ya fara yarda da maganarka, ita kuwa yarda fuskarka ake duba kafin a ba ka ita.

Wani dare cikin watan Nuwamba na taso daga aiki na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Berlin, layin U8, daga Alexanderplatz zan nufi gida. Ga wanda bai taɓa gani ba, jirgi ne rawaya mai bin rami a ƙarƙashin gari, ba kwandasta, ba mai tare ka a ƙofa ya ce ina tikiti. Kai za ka saya a na'ura da kanka, in kuma ka ƙi, ranar da masu bincike suka ritsa da kai Yuro 60 ne ba ragi. Mutane na shiga da karnukansu da kekunansu, wasu da buɗaɗɗiyar kwalbar giya a hannu. Za ka ga tsoho da buhu yana leƙa kwandon shara yana tsintar gorunan roba, don kowace ɗaya in ya mayar kanti senti 25 ce. Kafin biyar na yamma duhu ya rufe, kowa ya naɗe cikin baƙar rigar sanyi. Sai kuma shirun. Tarago cike da mutane, gwiwa na gogar gwiwa, amma ba sallama, ba sannu, kowa idonsa na kan waya.

Wani farar fata ya shigo, zai yi shekara hamsin, warin barasa ya riga shi isowa. Ya zauna ya kafa mini ido, na kau da kai. Sai ya sa ƙafa ya shuri jakar da kwanon abincina yake ciki, ya ce in koma inda na fito, ya haɗa da sunan dabbar da kuka sani. Na ɗauki jakata na koma bakin ƙofa na tsaya. Ya biyo ni, ya matso har ina jin hucin numfashinsa, ya tofa mini yawu a hannun riga, ya ture ni a ƙirji.

'Yan sandan Jamus suna da shawarwarin da suke bugawa a kan irin wannan: kar ka zagi mutumin, kar ka taɓa shi, ka ɗaga murya ka yi masa magana da lafazin girmamawa don na kusa su gane ba saninsa ka yi ba, sannan ka ware mutum ɗaya cikin jama'a ka nemi taimakonsa. Haka na yi. Na ɗaga tafukan hannuna sama kowa na gani, na ce, "Malam, rabu da ni, ban san ka ba." Na juya ga wani saurayi na ce, "Kai mai shuɗiyar hula, kira 110." Ya dube ni, ya dubi mutumin, ya gyara abin jin kiɗan da ke kunnensa. Da jirgi ya tsaya a Kottbusser Tor mutumin ya fice abinsa yana dariya.

Za ku ce ina hannuna yake. Yana nan, kuma Allah ya sani da na sake shi sau ɗaya sai dai a kwashi mutumin. Amma a nan da kuɗin shigarka na kwana-kwana ake lissafa tara, kuma in wadda kotu ta yanka maka ta wuce ta kwana 90, maganar zama ɗan ƙasa ta lalace. Tun da aka sassauta dokar a 2024 shekara 5 ta isa mutum ya nema, ba kuma sai ya ajiye koren fasfonsa ba. Da wannan lissafin kowane baƙo yake yawo. Shi wancan ba abin da zai rasa, ni kuwa mari ɗaya zai cinye mini wahalar shekaru.

Ni na kira 110, lambar 'yan sanda, da kaina bayan na sauka. Sun zo da wuri, su biyu, ba wanda ya daka mini tsawa, ba wanda ya nemi na goro. Nan kam sun yi ƙoƙari. Amma ku ji tambayoyin. Ina katin zamanka? Da ma kun san juna? Me ka ce masa kafin nan? Kai ka taɓa shi? Ka sha wani abu yau? Ni da ban san ɗanɗanon giya ba tun da uwata ta haife ni, ga yawun wani bai bushe a rigata ba, ni ake tambaya ko na sha. Wata mata da ta sauko tare da ni, wadda wurin zamanta bai fi taku biyu da inda abin ya faru ba, da aka tambaye ta sai ta ce ita dai ta ga maza biyu suna hayaniya. Maza biyu. Wallahi turin bai yi mini ciwon wannan maganar ba.

Akwai kyamara a cikin jirgin, ana ajiye hotonta awa 48 kafin ya goge, amma hoto ne ba murya. Zagi laifi ne a dokarsu, sashe na 185, kana da wata 3 ka shigar da ƙara. Na shigar. Daga baya wasiƙa ta zo, farar takarda tsaf da lambar ƙara a sama, cewa an rufe magana don ba a gano mutumin ba.

A wurin aiki na ba wata abokiyar aikina labari, mace mai kirki wadda takan kawo mana kek. Ta saurara har ƙarshe, ta ce abin ba daɗi, sannan ta karkata kai ta ce, "Amma ka tabbata saboda launinka ne? Mashayi ne fa, kowa ya samu zai yi wa. Kuma ka san ku muryarku da ƙarfi, wataƙila tsorata ya yi." Na faɗa mata sunan dabbar. Ta ce ko dai ban ji daidai ba, tun da maganar mashaya wuyar ganewa gare ta.

Yanzu ku ɗauko wannan abin ku ajiye shi cikin bas daga Bata zuwa Kabuga a Kano. Ba sai na ba ku labari ba. Kafin yawun ya sauka wani ya ce, "Kai Malam, lafiyarka kuwa?" Direba ya taka birki. Dattijon da ke gaba ya juyo ya ce, "Yaro, me bawan Allahn nan ya yi maka?" Ku lura da wanda ake tambaya. Sannan a juyo kanka, wannan ya riƙe hannunka, wancan ya dafa kafaɗarka, yi haƙuri don Allah, don darajar iyayenka, bar shi da halinsa. 'Yan boko suna kushe wannan ba da haƙurin, wai hanya ce ta danne haƙƙin mutum. Su zo su tsaya inda na tsaya. Ba a ba mutum haƙuri sai an riga an yarda an cuce shi. Mutum goma su ce maka yi haƙuri, shaidu goma ke nan ka samu ba ka cika fom ba.

Ba wai Jamusawa ba su san ya kamata ba ne. Har a dokarsu, sashe na 323c, wanda ya ga mutum cikin haɗari ya ƙi taimako alhali zai iya, ana iya cin sa tara ko a ɗaure shi har shekara 1. Kuma suna da dalilin tsoro. A 2009, a tashar jirgi ta Solln a Munich, wani mai suna Dominik Brunner ya tsaya wa wasu 'yan makaranta da samari biyu ke yi wa barazana, suka yi masa dukan da ya zama ajalinsa. Na ji duk wannan. Amma ban ce saurayin nan ya shiga sharo ba shanu ba. Lamba uku na ce ya danna, wayar kuma tana hannunsa. Matar nan kuwa me zai same ta don ta faɗi abin da ta gani?

Na san abin da za a ce. Za a ce ga ƙwacen waya a Kano, a soki mutum da rana tsaka jama'a na gudu. Za a ce taron da ke raba faɗa shi ne ke jin ihun ɓarawo ya nemo taya da fetur. Ba na musu. Za a tuna mini Uromi ta jihar Edo, watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida Sallah, wai masu garkuwa da mutane ne. Allah ya ji ƙansu, ba ina haɗa nawa da nasu ba ne. Amma Uromi ai maganata take ƙarfafawa. An tare su ne a garin da ba mai cewa wannan ɗan wane ne, na san ubansa. Sun faɗi ko su wane ne, ba a yarda ba. Da a Bunkure ta jihar Kano, inda wasunsu suka fito, aka tsayar da motar nan, da mutum ɗari sun shaide su kafin a sauke kaya.

Shi ma Yaya da na kira shi sai da ya ce, "Kai dai na san ka da zuciya, ka tabbata ba ka tanka masa ba?" Wani zai ce to ai ga shi nan, a gida ma an yi maka shakka. Ba ɗaya ba ne. Yaya ya san ni tun ina makarantar allo, yana da hurumin tambaya, kuma da na ce wallahi ban tanka ba maganar ta ƙare, ya koma ja wa mutumin Allah ya isa. A nan wallahi ba ta da kasuwa. Hajiya kuwa da aka miƙa mata wayar ba ta tambayi faɗan ba, cewa ta yi, "To wa ya raka ka gida?"

Ranar Juma'a bayan an idar da salla na faɗa wa 'yan uwa, akwai na Kumasi, akwai na Maraɗi da Damagaram. Ban kai rabi ba kowa ya fara kawo nasa, har da wanda aka fizge wa matarsa hijabi. Ba wanda ya ce in kawo hoto.

Wanda ke hana ni barci tun lokacin ɗana ne. A nan aka haife shi, Jamusancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, har gyara mini yake yi. Yau yaro ne, tsofaffin mata na yi masa murmushi a jirgi. Nan da 'yan shekaru zai yi tsawo, murya ta buɗe, a daina murmushin. Ni in abin ya ishe ni ina da layin da in na shiga mai shayi zai kira ni da sunan da ake kirana tun ina yaro. Shi fa? A Kano ɗan Jamus za a ce, ko durƙusawa ya gai da manya bai iya ba.

Mun yi ta ja da maiɗakina a kan haka. Ita cewa take in dubi asibiti, in dubi makaranta kyauta, in dubi wutar da ba ta ɗaukewa, in daina yanke wa ƙasa guda hukunci a kan mashayi ɗaya. Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ita aka tambaya ko ta sha ba. Na ce mata bana a Kano zai yi dogon hutu, wurin Yaya, sati shida cur, ya bi 'yan uwansa Islamiyya, a aike shi shago sayen magi, a tsawata masa in ya yi rashin kunya, mutanen layin su san fuskarsa. Ta ce zafi da sauro fa. Na ce a sayi gidan sauro. Ta ce sai dai mu tafi gaba ɗaya, kuɗin jirgin mutum uku kuwa a watan Yuli ba wasa ba ne, har yanzu ba mu daidaita ba.