Kada ku toshe wa kwamfuta baki gaba ɗaya

Jama'a, ina da ja da masu cewa da zarar ka sayi kwamfuta ka kashe duk sautukanta ka huta. Na san abin da ya kai su ga haka: ka buɗe ta a ɗakin taro ko da tsakar dare, ta saki ƙara, kowa ya juyo yana kallonka. Amma don sauti ɗaya ya ba ka kunya sai ka hana ta magana baki ɗaya?

Sautukan nan ba duka ne ado ba. Ka soka filashi ka ji ɗan sautin nan mai hawa, ka san ta gane shi. In kuwa ka ji mai sauka alhali ba ka taɓa komai ba, to waya ta saki ko ramin ya fara lalacewa, kunne ya riga ido sani. Haka gargaɗin batir ya kusa ƙarewa. Makaho kuwa, sautin kunnawa ne ke sanar da shi cewa na'urar ta tashi, ba a banza yake zaman jira ba. Wannan kaɗai ya isa a daina raina shi.

Abin yi shi ne tankaɗe da rairaya. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta mmsys.cpl, ka shiga shafin Sounds. Za ka ga jerin abubuwa, kowanne da sautinsa. Na shigowar saƙonni da ke katse maka tunani, kashe shi. Na batir da na haɗa na'ura, bar su. In kana son naka, sai ya zama fayil ɗin WAV, don MP3 ba ya shiga sai an juya shi. Na asali suna nan cikin C:\Windows\Media. Kuma don Allah a zaɓi gajere, daƙiƙa ɗaya ko biyu. Waƙar da kake so, in ta zama sautin kuskure, kafin mako ya zagayo ka tsane ta.

Inda abin yake min ciwo shi ne sautin kunnawa kansa. A zamanin Windows XP kana sauya shi yadda ka ga dama. Daga Windows Vista aka cusa shi cikin fayil ɗin imageres.dll, aka bar mana ɗan akwati ɗaya: ko ka kunna ko ka kashe. Windows 8 ta zo a 2012 da shi a kashe, Windows 11 ta dawo da shi a 2021, amma har yau babu hanyar sauyawa a cikin saituna. Shi ya sa mutane ke sauke manhajojin da ba su san asalinsu ba, suna taɓa fayilolin da tsarin ya dogara da su. Ban goyi bayan haka ba, kasadar ta fi ribar yawa, ga shi sabuntawa ɗaya na iya mayar da komai yadda yake.

Kuma ba wai Microsoft, mai Windows, ba ta san darajar abin ba. Ita ce ta ɗauko makaɗi Brian Eno ya tsara sautin Windows 95, ɗan abin da bai wuce daƙiƙa shida ba, wanda a 2025 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin sautukan da ake adanawa don tarihi. Apple ma ta cire nata a 2016, ta dawo da shi a 2020. Tunda sun yarda sautin yana da muhimmanci, me zai hana su buɗe mana wurin zaɓen fayil kamar yadda suka yi wa sauran? Mu muka sayi na'urar, mu ne kuma muke jin sautin kullum.