Ƙasar da ta kasa tsare kodin ce za ta tsare wiwi?

Gaskiya abin nan ya fara isa ta. Duk bayan 'yan watanni sai wani ya sake tono maganar halatta noman tabar wiwi a Najeriya, yau a ce don magani, gobe a ce don dala, har ta kai shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA Buba Marwa, wanda muka sani da tsayawa kai da fata wajen adawa da abin, aka ji shi yana cewa hukumarsa ba ta ƙin a riƙa fitar da man wiwi zuwa ƙasashen waje in dai akwai sa ido, ko da yake ya ce bai yarda a yi amfani da shi a cikin gida ba. To wannan "in dai akwai sa ido" ɗin shi ne ya tsaya min a rai. Wane ne zai sa idon?

Maganar ba sabuwa ba ce, tun 2019 marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, ya je Tailan ya dawo yana ta wa'azin arzikin da ke cikin ganye, daga baya Benjamin Kalu, wanda yanzu shi ne mataimakin kakakin majalisar wakilai, ya kai ƙudiri gaban majalisa, aka yi ta cacar baki a 2023 aka jingine shi. An jingine ne fa, ba a binne ba.

Ni tambayata ɗaya ce kuma har yau ban ji wanda ya amsa ta ba. Kodin ai halattaccen magani ne, yana da lasisi, yana da hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC a kansa, yana da dokar da ta ce sai da takardar likita, duk irin sa idon da ake mana alƙawari yanzu kodin ya same shi tun da daɗewa. Me ya faru? Kowa a Kano ya san yadda kwalabe suka riƙa fita ta bayan gida katan-katan, daga kamfani zuwa kemis ɗin lungu, har 'yan majalisar dattawa suka tashi a 2017 suna cewa kwalba miliyan 3 ake shanyewa kullum a Kano da Jigawa. Kuma ba wata hukuma ce ta farka da kanta ba, sai da BBC ta fito da binciken sirri a 2018 duniya ta gan mu, sannan gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Tiramol ma haka, maganin ciwo ne na asibiti, amma yau ɗan acaba da lebura da yaron da ke tura baro sun fi likita sanin farashinsa. Idan abin da ake sarrafawa a kamfani mai adireshi, ake ƙirga shi a kwali, ya fi ƙarfinmu, ina ga ganyen da ake shukawa a tsakiyar dajin Ondo da Edo, inda mai lasisin kadada 10 zai shuka 50 ba wanda zai je ya auna?

Kuma ba kan tudu muke ba balle mu ce mu gwada. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Wannan fa tana haramce ke nan. Likitocin ƙwaƙwalwar da ke ƙasar nan duka ba su kai 300 ba, shi ya sa uwa in ɗanta ya fara sambatu yana sayar da kayan ɗakinta ba ta da inda za ta kai shi sai gidan mari, mun kuma ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Ana kukan targaɗe ne wasu ke neman kawo mana karaya.

Masu cewa ai Kanada ta halatta tun 2018, su fara kawo mana asibitocin Kanada tukuna. Tailan ɗin da aka je koyo ta saki abin a 2022, shaguna suka cika gari, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Jihar Oregon a Amurka ta cire hukuncin ɗauri kan riƙe ƙwaya kaɗan bayan ƙuri'ar 2020, a 2024 ta janye da kanta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai ruwa za ka shafa wa naka.

Abin da ya fi ƙona min rai kuma shi ne mu kanmu. Ƙudiri irin wannan ya shiga majalisa ya fita, mutum nawa a mazaɓarmu suka san abin da wakilinsu ya ce a kai, ko ma yana zauren ranar? A zaɓen 2023 an yi wa mutum sama da miliyan 93 rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Mutanen kirki sun ce siyasa ƙazanta ce sun zauna a gida, aka bar filin ga wanda zai tara 'yan jagaliya da kalare da sara-suka da ƙauraye, ya saya musu ƙwaya da ganye ranar kamfen, bayan zaɓe ya watsar da su su dawo unguwa suna ƙwacen waya. Ɗan siyasar da ke cin moriyar yaro a buge ba shi ne zai tsare mana ƙofa ba, mu daina yaudarar kanmu. Na san wani yaro a layinmu, mahaddaci ne, muryarsa in yana karatu sai ka tsaya, kakar zaɓe ɗaya ya bi ayarin wani ɗan takara, yau mahaifiyarsa kulle ɗakinta take yi in za ta shiga banɗaki. Ita za a je a yi wa bayanin kuɗin shiga?

Ban ce a cika kurkuku da yaran da aka kama da naɗi ɗaya ba, wannan ma ɓata su yake ƙara yi. Dila a ɗaure shi, mai sha a yi masa magani, kowace jiha ta gina wurin gyaran hali na gaskiya mai likita, masu neman kujera kuma a gwada su kamar yadda NDLEA ta taɓa nema. Sannan duk wanda ya zo ƙofar gidanka neman ƙuri'a, kafin ka karɓi taliya da atamfa ka tsare shi ya faɗa a gaban jama'a ina ya tsaya kan ƙudirin wiwi, a ɗauka a waya a ajiye.